Arthur Winfree: Masanin da ya gano inda agogon jiki ke tsayawa cak

A ƙarshen shekarun 1960, a wani ɗakin bincike na Jami'ar Princeton da ke Amurka, wani ɗalibi da bai kai shekara 30 ba ya duƙufa yana haska wa ƙananan ƙudaje fitila. Ƙudajen irin waɗanda ke taruwa a kan ruɓaɓɓun 'ya'yan itace ne, kuma suna da wata ɗabi'a da masana suka daɗe da sani. Idan tsutsarsu ta gama rikiɗa a cikin ƙwanso, ba ta fitowa a lokacin da ta ga dama, sai da sassafe. Ko an kulle su cikin duhu, inda babu fitowar rana balle faɗuwarta, haka za su riƙa fitowa rukuni-rukuni, kusan duk bayan sa'o'i 24.

Ɗalibin, mai suna Arthur Winfree, ya riga ya yi wani lissafi a takarda wanda ya nuna masa abin da ba a taɓa gwadawa ba. Lissafin ya ce akwai wani lokaci guda, da wani ma'aunin haske guda, waɗanda idan suka haɗu, agogon da ke cikin ƙudajen zai rikice gaba ɗaya, ya kasa nuna ko ƙarfe nawa ne. Ya shiga nema, ya kuma samu. Wannan bincike shi ne ya zama ginshiƙin aikinsa na shekaru sama da 30, wanda ya kai shi har ga tambayar da ta shafi rai da mutuwa: me ke sa zuciyar mutumin da ke tafe lafiya ƙalau ta daina harba jini farat ɗaya?

Agogon da ke cikin jiki

Tun a shekarar 1729 wani masanin taurari Bafaranshe, de Mairan, ya lura cewa wata shuka mai buɗe ganyenta da rana ta rufe da dare tana ci gaba da yin hakan ko an saka ta cikin duhu. Wannan ya nuna cewa ba hasken rana kaɗai take bi ba, tana da abin auna lokaci a cikinta. Daga baya aka tabbatar cewa dabbobi da ƙwari da tsirrai, har da wasu ƙananan halittun da ido ba ya gani, duk suna da irin wannan agogo.

A jikin ɗan Adam, babban agogon yana cikin ƙwaƙwalwa, a wani ɗan gungu na ƙwayoyin jijiya kimanin 20,000 da ke zaune daidai saman mahaɗar jijiyoyin gani. Shi ke tsara lokacin da barci zai zo, da lokacin da zafin jiki zai sauka, da lokacin da jiki zai saki wasu sinadarai. Binciken da aka wallafa a Jami'ar Harvard a 1999 ya nuna cewa idan aka bar agogon ya yi tafiyarsa shi kaɗai, yakan kammala zagaye a cikin sa'o'i 24 da kimanin minti 11. Hasken safiya ne ke gyara wannan ɗan bambanci a kullum. Shi ya sa matafiyin da ya ƙetare ƙasashe da yawa a jirgin sama, da ma'aikaciyar jinya ko mai gadin da ke kwana a bakin aiki, suke fama da kasala da rashin barci, domin agogon bango na faɗar abu ɗaya, na jiki yana faɗar wani.

A zamanin da Winfree ya shigo fagen, yawancin masana sun mayar da hankali ne kan gano abin da aka ƙera wannan agogo da shi. Shi kuwa sai ya ɗauki wata hanya dabam. Tambayarsa ita ce: ko da me aka ƙera shi, waɗanne dokoki ne dole duk wani abu mai zagaye ya bi?

Daga injiniya zuwa ilimin halittu

An haifi Arthur Taylor Winfree ranar 15 ga Mayu, 1942, a birnin St. Petersburg da ke jihar Florida. Ya yi digirinsa na farko a Jami'ar Cornell a fannin kimiyyar fiziks ta injiniyoyi, ya kammala a 1965. Maimakon ya nemi aiki a masana'anta kamar yadda takwarorinsa suke yi, sai ya ɗauki lissafin da ya koya ya nufi ilimin halittu da shi. Ya tafi Princeton, inda Farfesa Colin Pittendrigh, ɗaya daga cikin waɗanda suka aza harsashin nazarin agogon jiki, yake koyarwa, ya kuma samu digirin digirgir a 1970.

Tun kafin nan, a 1967, yana da shekara 25, ya wallafa maƙalar da har yau ake komawa gare ta. Abin da ya ɗauke masa hankali shi ne yadda halittu masu yawa ke daidaita motsinsu ba tare da shugaba ba. A bakin wasu koguna na ƙasar Tailan, dubban maƙesu, ƙwarin nan masu ƙyalla wuta da dare, sukan taru a kan bishiyoyi suna walƙawa lokaci guda tamkar ana ba su umarni. Gyare ma yakan haɗa kuka da 'yan uwansa. A cikin zuciya kuma, dubban ƙwayoyin da ke ba da umarnin bugawa suna harbawa tare, alhali da za a raba su, kowace da irin nata saurin.

Winfree ya sauƙaƙa matsalar. Ya ɗauka cewa kowace halitta agogo ce mai nata saurin, tana ɗan jan sauran, su ma suna ɗan janta. Ya saka lissafin a kwamfutar wancan zamani, ya kuma haɗa wata na'ura ta ƙananan fitilu masu ƙiftawa da aka jona da juna domin ya gani da idonsa. Sakamakon ya zo da abin mamaki. Muddin bambancin saurin da ke tsakanin agogunan ya fi ƙarfin jan da suke yi wa juna, kowa kan kama gabansa ne, babu alamar haɗin kai. Amma da zarar jan ya haye wani mataki, sai wani rukuni ya daidaita nan take, ya kuma riƙa jawo saura. Abin ba ya zuwa a hankali, yana zuwa ne kamar yadda ruwa ke zama ƙanƙara idan sanyi ya kai wani mizani.

A 1975 wani masanin fiziks ɗan ƙasar Japan, Yoshiki Kuramoto, ya ɗauki wannan tunani ya mayar da shi siffar da za a iya warwarewa da alƙalami. A yau ana amfani da wannan lissafi wajen nazarin ƙwaƙwalwa, da kuma tsarin rarraba wutar lantarki, inda dole injinan tashoshi dabam-dabam su riƙa tafiya a kan sauri ɗaya, wato bugu 50 a daƙiƙa a tsari irin na Najeriya, in ba haka ba layin ya durƙushe. Da shi ne kuma aka yi bayanin abin da ya faru a Landan a watan Yunin 2000, lokacin da sabuwar gadar ƙafa ta Millennium ta kama lilo a ranar buɗe ta, saboda takun dubban mutane ya daidaita ba da saninsu ba.

Gwajin ƙudaje

Aikin da ya fi fito da sunan Winfree shi ne wanda ya yi da ƙudaje. An riga an san cewa walƙiyar haske a cikin duhu tana iya tura agogon jiki gaba ko ta mayar da shi baya, gwargwadon lokacin da ta zo. Winfree ya lura cewa wannan sauyi iri biyu ne. Idan hasken mai rauni ne, ɗan gusar da agogon kawai yake yi. Wanda aka haska da farkon dare zai tsaya kusa da farkon dare, wanda aka haska da asuba zai tsaya kusa da asuba. Saboda haka idan aka bi duk sa'o'i 24 ana gwadawa, sakamakon ma zai zagaye fuskar agogo sau ɗaya. Idan kuwa hasken mai ƙarfi ne, to, duk lokacin da ya zo, yakan fizgo agogon ya ajiye shi kusan wuri guda, don haka sakamakon ba ya zagaye fuskar agogo ko sau ɗaya.

A nan ne ya kawo hujjarsa daga tofoloji, wato reshen lissafin da ke nazarin siffofin da ba sa sauyawa ko an ja su ko an lanƙwasa. Zoben igiyar da aka zura wa turke, ko dai yana kewaye da turken ko ba ya kewaye da shi, babu rabin kewaye. Ba yadda za a yi a ja shi a ƙasa har ya rabu da turken ba tare da ya tsinke ba. Haka nan, idan ana ƙara ƙarfin haske kaɗan-kaɗan daga mai rauni zuwa mai ƙarfi, ba zai yiwu zagaye ɗaya ya koma babu zagaye cikin lumana ba. Tilas akwai wani wuri a tsakani inda tsarin ke tsinkewa, inda tambayar ko ƙarfe nawa ne ba ta da amsa.

Taswirar duniya tana da irin wannan wuri. Idan ƙarfe 12 na rana ne a Kano, ƙarfe 2 ne a Makka, domin kowane yanki da nasa lokaci. Amma layukan da ke raba lokutan duk suna haɗuwa ne a maƙurar arewacin duniya. Wanda ya tsaya a daidai wannan tsini yana cikin kowane lokaci, kuma ba ya cikin ko ɗaya. Wanda ya taɓa tura yaro a lilo ma ya san wani abu makamancin haka. Turawa takan ƙara wa lilon gudu ko ta rage, amma akwai turawa guda, a daidai lokaci da daidai ƙarfi, da za ta tsayar da shi cak.

Neman wannan wuri a jikin ƙuda kamar neman allura ne cikin ruwa, sai dai lissafin ya nuna masa inda zai lalubo. Ya yi gwaji ɗaruruwa, yana sauya lokacin haske da tsawonsa. A ƙarshe ya gano cewa shuɗin haske mai rauni na ƙasa da minti ɗaya, idan ya zo kimanin sa'o'i 7 bayan an saka tsutsotsin cikin duhu, yakan shafe tsarin. Ƙudajen sai su riƙa fitowa a kowane lokaci na dare da rana, har sai an sake haska su agogon ya tashi. Abin lura shi ne hasken da ya fi wannan ƙarfi ba ya yin wannan ɓarna. Dacewar lokaci da ma'auni ce ke yin ta.

A 1991 masu bincike a Harvard, ƙarƙashin Charles Czeisler da Richard Kronauer, suka nuna cewa haske da aka auna lokacinsa da ƙarfinsa yana iya danne zagayen zafin jikin ɗan Adam har ya kusa ɓacewa. A 2007 kuma wasu masana a Japan suka kawo ƙarin bayani. A ƙwayoyin halittar da suka gwada, ba kowane agogo ne ya tsaya ba, warwatsewa suka yi, kowanne ya kama nasa lokaci, har jimillarsu ta zama kamar babu agogo. Wannan ya mayar da batun ga maƙalar da Winfree ya rubuta a 1967.

Ruwan da ke sauya launi

Bayan Princeton, Winfree ya koyar a Jami'ar Chicago daga 1969 zuwa 1972, sannan ya koma Jami'ar Purdue da ke jihar Indiana, inda ya zauna har 1986. A wannan tsakani ne ya rungumi wani abin al'ajabi daga Tarayyar Sobiyet. A farkon shekarun 1950 wani masanin sinadarai, Boris Belousov, ya haɗa wani ruwa da ke sauya launi ya dawo, ya sake sauyawa, a kai a kai. Mujallun kimiyya suka ƙi buga aikinsa, suna ganin abin ba zai yiwu ba. Sai a shekarun 1960 wani matashi, Anatol Zhabotinsky, ya farfaɗo da binciken. Belousov ya rasu a 1970, shekaru goma kafin a ba aikin lambar yabo ta Lenin.

Ga Winfree, wannan ruwa ya zama gani ya kori ji. Idan aka zuba shi a faranti marar zurfi, shuɗin launi yakan ratsa cikin ja kamar igiyar ruwa. A 1972 ya wallafa a mujallar Science yadda waɗannan taguwoyi, idan aka katse su, suke naɗewa su zama murɗaɗɗu, kamar maganin sauro mai naɗi da ake kunnawa da dare, suna ta juyawa a kan wata cibiya. A shekarar da ta biyo baya ya nuna cewa a cikin ruwa mai zurfi siffarsu takan zama ta naɗaɗɗiyar tabarma. Cibiyar da suke juyawa a kanta ita ce dai wurin nan da lokaci ba shi da amsa, amma a wannan karo ana iya nuna ta da yatsa.

A Purdue ne wani ɗalibin lissafi, Steven Strogatz, ya zo ya yi aiki da shi a farkon shekarun 1980. Tare suka fitar da jerin maƙalu kan yadda waɗannan naɗe-naɗe za su iya ƙulluwa su zama zobba. Strogatz ya zama fitaccen farfesa a Cornell, kuma littafinsa mai suna Sync, wanda ya fito a 2003, ya ba da labarin malamin nasa.

Daga faranti zuwa zuciya

Tsokar zuciya da wancan ruwa suna da hali ɗaya, wanda ya yi kama da na wutar daji. Wuta takan ci gaba ne kawai, ba ta komawa inda ta riga ta ƙone sai ciyawa ta sake tsirowa. A kowane bugu, taguwar lantarki tana ratsa zuciya daga sama zuwa ƙasa, tsokar ta matse ta harba jini, sannan ta ɗan huta kafin ta iya karɓar wani umarni. Matsalar tana cikin wannan hutu, domin akwai ɗan lokacin da wani sashe na tsokar ya farfaɗo, wani sashe bai farfaɗo ba. Idan wani motsi ya faɗo a daidai nan, taguwar takan bi ta gefe ɗaya ta kasa bi ta ɗayan, sai ta karye ta fara bin wutsiyarta. Daga nan zuciya takan kama gudu fiye da kima, kuma idan naɗin ya farfashe ya zama da yawa, sai ta koma karkarwa kawai ba ta harba jini. Idan ba a kai ɗauki cikin 'yan mintoci ba, mutum yakan rasa ransa.

Wanda ya fara gano wannan lokaci mai haɗari shi ne George Mines, wani matashin masani ɗan Ingila da ke aiki a Jami'ar McGill ta Kanada. A watan Nuwamban 1914 aka tsince shi a sume a ɗakin bincikensa, ya kuma rasu yana da shekara 28, abin da ya sa wasu suka yi zargin cewa a kan kansa ya yi gwajin. Winfree ya farfaɗo da labarinsa a wata maƙala da ya rubuta a mujallar Scientific American a 1983, inda ya bayyana mutuwar farat ɗaya ta zuciya a matsayin matsalar tofoloji. Ya faɗaɗa bayanin a littafinsa When Time Breaks Down na 1987, ya kuma yi hasashen cewa girgizar lantarki mai matsakaicin ƙarfi, a daidai wancan lokaci, za ta haifar da taguwa mai juyawa ko da a lafiyayyar zuciya, har ya faɗi inda cibiyarta za ta kasance.

A ƙarshen shekarun 1980 ƙungiyar Raymond Ideker a Jami'ar Duke ta gwada haka a zukatan karnuka, ta kuma samu abin da ya faɗa. A 1992 ƙungiyar José Jalife a birnin Syracuse ta ɗauki hoton waɗannan murɗaɗɗun taguwoyi a tsokar zuciya ta hanyar amfani da wani rini mai sauya haske idan lantarki ya ratsa shi. Wannan fahimta ta taimaka wajen bayyana dalilin da ya sa girgiza mai rauni kan iya jawo karkarwar zuciya, alhali mai ƙarfi, irin ta na'urar farfaɗo da zuciya da ake ɗora wa majinyaci a ƙirji, tana share naɗe-naɗen duka ta ba zuciya damar farawa daga farko. Darasin ƙudaje ne ya sake dawowa.

Ba lantarki kaɗai ke yin haka ba. Bugu a ƙirji, idan ya dace da wani ɗan lokaci da bai kai kashi ɗaya cikin 20 na daƙiƙa ba a cikin bugun zuciya, yana iya kayar da lafiyayyen matashi. Haka ya faru da ɗan wasan ƙwallon Amurka Damar Hamlin ranar 2 ga Janairun 2023, a gaban miliyoyin masu kallo. Ya rayu ne saboda an danna masa ƙirji an kuma yi amfani da na'urar girgiza zuciya nan take a cikin fili.

Ƙarshen rayuwa da abin da ya bari

A 1986 Winfree ya koma Jami'ar Arizona da ke birnin Tucson, inda ya ƙarasa aikinsa. Ya samu tallafin gidauniyar MacArthur a 1984, da lambar Einthoven ta masana zuciya a ƙasar Holan a 1989, da kuma lambar Norbert Wiener ta lissafi a 2000. Ba kasafai ake samun mutum guda da likitocin zuciya da masana lissafi suka karrama a kan aiki ɗaya ba. Ya saba aiki shi kaɗai ko da mutum ɗaya ko biyu, da kayan da yakan haɗa da hannunsa, kuma a Arizona ya koyar da wani darasi na musamman kan dabarun gano sabon abu a kimiyya.

Babban littafinsa, The Geometry of Biological Time, ya fito a 1980, ya kuma sabunta shi a 2001. Shekara guda bayan haka, ranar 5 ga Nuwamban 2002, ya rasu sakamakon ciwon daji na ƙwaƙwalwa, yana da shekara 60. 'Ya'yansa biyu sun bi sahunsa. Erik Winfree farfesa ne a cibiyar Caltech, shi ma ya samu tallafin MacArthur a 2000, Rachael Winfree kuma farfesa ce a Jami'ar Rutgers, tana nazarin ƙudan zuma da sauran ƙwarin da ke yi wa tsirrai barbara.

A 2017 aka ba Jeffrey Hall da Michael Rosbash da Michael Young lambar Nobel ta fannin likitanci saboda gano ƙwayoyin gadon da ke tafiyar da agogon jiki, su ma a jikin ƙudan 'ya'yan itace. Sun amsa tambayar da Winfree ya ajiye gefe, ta abin da aka ƙera agogon da shi. Nasa aikin ya tsaya ne a kan yadda agogon ke karɓar gyara da yadda yake rikicewa, kuma wannan ne ɓangaren da ya fi taɓa rayuwar yau da kullum. A 2019 hukumar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sake sanya aikin dare cikin abubuwan da mai yiwuwa suna jawo ciwon daji, kuma masu neman hanyar rage wa ma'aikatan dare wannan illa suna amfani ne da jadawalin da ke nuna wane haske, a wane lokaci, zai tura agogon jiki gaba ko baya. Irin wannan jadawali ne Winfree ya zana wa ƙudajensa a Princeton.